Goshin Hajara

Hajara ta jingina wayarta da gwangwanin madara, ta ɗaga rigar da ta gama ɗinkawa, ta saki murmushi irin na masu talla. Tela ce a Gyaɗi-Gyaɗi, a falonta take ɗinki, kuma tun da ta fara ɗora bidiyon kayanta a waya ciniki ya buɗe. Wannan bidiyon ma ya samu 'yan kallo, sai dai ba rigar suka kalla ba.

"Hajiya, ana sayar da fuloti a goshin nan?" in ji wani a ƙarƙashin bidiyon. Wata kuma ta rubuta cewa in filin jirgi ya cika, a sauke alhazan bana a nan.

Ta miƙa wa mijinta Lawan wayar, tana jiran ya fusata. Lawan direban adaidaita sahu ne, mutum mai sauƙin kai. Ya karanta, kafaɗunsa suka fara rawa, ya ɓoye dariyarsa da yin tari.

"Ki rabu da su. Ni ma ai ranar da na fara ganinki a Babban Giji, goshin na hango tun daga bakin titi."

Yabo ya yi niyya. Ranar miyar gidan ba ta ga gishiri ba.

*

Daga nan ɗankwalin Hajara ya fara gangarowa, har ya zamana sai ta ɗaga haɓa take ganin allura. Da mahaifiyarta ta zo ta gan ta haka, sai ta riƙe baki.

"Mu a zamaninmu mai goshi ake rububi, ana cewa alheri na bin ta. Wannan na kakarki ne kika gado, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kuka da shi ba."

"Inna, kakata ba ta da waya."

Ƙawarta Motunrayo, haifaffiyar Kano mai gyaran gashi a kasuwar Tarauni, ta ce ta zo a yi mata kitso mai zubowa gaba a wuce wurin, kada ta yarda a sa mata wuƙa. Amma Hajara ta riga ta ga tallan wani Dakta Sani a waya: hoton wata mata da goshi, ga ta kuma a gefe babu shi, tana dariya.

A Daurawa ta same shi, cikin wani ɗaki mai labule a bayan shagon magani. Allon ƙofar ya ce ana rage goshi, ana cire haƙori, ranar Asabar kuma ana yi wa yara kaciya. Ya gyara farar rigarsa, ya zaro abin awo daga aljihu.

"Dakta, wannan ai irin tef ɗina ne na ɗinki."

"Hajiya, awo duk awo ne. Mu yanke nan, mu jawo gashin ƙasa, mu ɗinke. Kamar dai yadda kike rage wa riga tsawo."

Bayanin ya shige ta, don sana'arta ce. Ta sayar da ɗan kunnen gwal ɗinta, ta ce wa Lawan haƙori za ta je cirewa. Da ta dawo da kai a naɗe, ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaya a hankali ko haƙorin a sama yake.

*

Ranar da aka kwance bandeji, Hajara ta ga gashin ya sauko kaɗan. Sauran tafiyar kuwa, girarta ce ta yi, ta hau sama ta tarye shi. Girar dama da ta hagu duk sun maƙale a can, idanu a buɗe, kamar wadda aka faɗa wa labarin da ya fi ƙarfinta.

Lawan ya ce ya dawo, ta dube shi da mamaki. Ya ce yau Talata, mamaki. Ta so ta haɗe masa rai, fuskar ta ƙi. Sau ɗaya tak fuskar ta dace da abin da ke faruwa, ranar da aka kawo wuta ta wuni ba a ɗauke ba.

A gidan makoki ne abin ya daina ba Lawan dariya. Sun je ta'aziyyar maƙwabcinsu Malam Tanko, Hajara ta durƙusa gaban matarsa, hawaye na zuba, gira na sama.

"Ikon Allah, Hajara, sai yanzu kike ji?" in ji matar. "Ai har an kai shi."

Wasu 'yan mata a gefe suka cusa fuska cikin hijabi.

Lawan ya ɗauke ta a adaidaitarsa suka koma Daurawa. Sun tarar an cire labulen, wani yana sayar da abincin kaji a ɗakin. Likitan da suka gani a asibiti daga baya ya duba ɗinkin, ya ce an taɓa jijiya, gashin da ke bakin tabon ma zubewa zai yi. Hajara ta gaya masa in ta yi sujada ba ta jin goshinta ya taɓa ƙasa. Ya ce wataƙila jin ya dawo, wataƙila kuma shi ke nan.

Ta koma kan keken ɗinkinta. Bidiyo kuwa yanzu hannuwanta kawai ake gani.

Wata safiya ta shiga ɗaki neman almakashi, ta tarar da 'yarta Husaina, da ko firamare ba ta shiga ba, tsaye a kan kujera gaban madubi. Yarinyar ta ɗauki kwallin uwarta tana zana layuka baƙaƙe daga bakin gashinta zuwa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje.

"Umma, ya ragu?"

Hajara ta tsaya a bakin ƙofa. Yarinyar ta leƙa fuskar uwarta ta cikin madubi, ta ga mamaki, ta ɗauka aikinta ne ya yi kyau. Ta yi murmushi, ta ƙara wani layin.