Harsasan Kaka Zarwali

"Ga shi can a kan katanga," in ji Kaka Zarwali, bai ko ɗago kai ba. "Kada ka juya, Redi Gul. Ba ya son a kalle shi."

Na juya mana. Babu komai a kan katangar sai kashin shanun da aka manna don ya bushe. La'asar ce sakaliya, ranar Juma'a, muna zaune a ɗakin baƙinsa kamar yadda muka saba tun ina saurayi, da yake bango ɗaya ya raba gidajenmu. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan gadon igiya, ya zare gidan harsashi daga ƙaramar bindigarsa, yana turo harsasan da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Gidajen harsashinsa uku ne. Biyu na tsaron kai, yana musanya su duk Juma'a, wai sifirin ɗin ciki ma yana son hutu kamar jaki. Na ukun mai jan fenti a gindi na atisaye ne, cike da harsasan banza marasa albarushi da ya sa aka yi masa a Darra, garin maƙeran bindiga. Tsohon ya fara manta sunan ƙauyenmu, amma wannan aikin hannunsa bai taɓa mantawa ba.

"Wa ke kan katangar, Kaka?"

"Sherbaz. Ƙiba ma ya yi, ɗan banza."

Sherbaz ɗan baffansa ne, kuma Kaka da hannunsa ya harbe shi a kan rabon ruwan gona tun ina rarrafe. Dattawa sun zauna, an yanka raguna, magana ta mutu. Ashe a wurinsa ba ta mutu ba. Ya tsiyaya koren shayi a kofi na uku, ya tura shi wajen ƙofa.

Da zan fita, Bakhtawara matar ɗansa ta tsayar da ni daga bayan labule. Lala suke kirana a gidan, wato yaya.

"Lala, mijina zai dawo daga Sharja ta ƙasar Larabawa jibi. Jiya na nuna wa Baba hotonsa a waya, sai ya tofa yawu ya ce Sherbaz ne."

Na gane dalili, don Torialai mijin nata ya ajiye gemu a can, kuma jininsu ɗaya da Sherbaz. Tsofaffin unguwa sun sha cewa kamar an tsaga kara.

"To a ɗauke bindigar mana," na ce, ina sane da shirme nake faɗa.

"Kai za ka ɗauke? A ce an raba Zarwali da bindigarsa yana raye? Gara ka tuɓe masa rawani a tsakar kasuwa."

Gaskiya ta faɗa. Saboda haka washegari, yana barcin rana baki buɗe, na lallaɓa na kwashe harsasan gaske kakaf na zuba a aljihu, na cika gidajen tsaron da na banza, na mayar da komai ƙarƙashin matashi. Da ya farka ya laluba bindigar, ya zare gidan, ya ɗora a tafin hannu yana ɗagawa yana saukewa kamar mai sayen kankana. Ya daɗe yana kallona, idonsa tar, irin na da.

"Redi Gul, uwarka ta haifi ɓarawo ko likita?"

"Tela ta haifa, Kaka, ka sani."

"Ɗinkinka ma ba ya ɓoyuwa," ya ce. Ya mayar da gidan, ya kwanta ya juya mini baya.

Torialai ya iso da hantsi, da akwatuna a kan mota da yara suna bin sa da ihu. Ina tsakar gidan lokacin da ya shigo da hannuwa buɗe.

"Baba! Na dawo!"

Tsohon da sai an riƙe shi yake tashi, ya miƙe zumbur. Ban ga lokacin da bindigar ta fito ba. Ya ja bayanta, ya saita ƙirjin ɗansa, hannu ko rawa ba ya yi.

"Na gaya maka ka tsaya a katangarka."

"Baba, ni ne, Torialai!"

Ƙas. Ƙarar ke nan, kamar an karya tsinke. Bakhtawara ta zube ƙasa. Ni kuwa, ko da na san abin da na zuba a ciki, sai da na yi salati. Kaka ya dubi bindigar, ya dubi mutumin da ke gabansa, sai ya sauke hannu.

"Toro? Yaushe ka zo? An ba ka ruwa?"

Daga ranar bai ƙara tashi ba. Ya ƙi abinci, sai ɗan shayi da ake ɗiga masa. Torialai ne ke juya shi, yana yi masa tausa a ƙafafu, wani lokaci ya gane shi, wani lokaci ya rufe fuska da bargo. Bindigar tana ƙarƙashin matashinsa, ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓawa. Unguwa kuwa sai yabona ake yi, har mai gurasar da ya saba tsokanata ya daina, ni ma na riƙa tafiya ina buɗa kafaɗa.

Ranar ƙarshe na shiga gaishe shi bayan azahar, ya kama hannun rigata.

"Ya sauko daga katangar," ya ce a hankali. "Yana zaune a ƙafafuna. Bai zo da faɗa ba, jirana yake."

Na kalli ƙarshen gadon. Igiyar ta lotsa a wurin, amma gadon tsoho ne, ko'ina ma ya lotsa. Haka na gaya wa kaina. Kafin la'asar ya cika. Na yi kuka sosai, don shi ya fara riƙe hannuna a kan bindiga, shi kuma ya raka ni neman aure.

Bayan an gama zaman makoki Torialai ya kira ni ɗakin baƙi, ya miƙo mini bindigar.

"Lala, cire kayan wasanka. Ni ba na son ko ganinta."

Na ja bayanta, harsashin da ke baki ya faɗo a kan ƙyallen. Ina ɗauka na san ba nawa ba ne. Na gaske ne, irin tsofaffin da kowane gida a nan ke da su a wani ramin bango. A gindinsa ga lotsawar da allurar bindiga ta yi. Na zare gidan na turo sauran, duk na gaske.

Sai na ji yatsuna suna santsi. Na jijjiga gidan, mai ya tsiyayo. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ba a zuba wa gidan harsashi mai, don harsashin Darra in ya jiƙu da shi ya mutu. Kaka kuwa ko tsumma mai maiƙo ba ya bari ya kusanci nasa.

"Bakhtawara," Torialai ya kira, "wa ya ba Baba mai?"

"Man tausarsa ne," ta amsa daga bayan labule. "Ranar da Lala ya yi musanyar, da yamma, ya ce in kawo masa kwalbar da kwano, in fita in ja ƙofa. Ranar har sunana ya kira daidai. Ya ce gobe ɗansa zai dawo."

Torialai ya ɗauki harsashin mai lotsawar ya rufe shi a tafin hannunsa, ya dafe da ƙirji. Sauran suna nan zube a tsakaninmu, man yana bin farin ƙyallen a hankali, yana faɗaɗa.