Rema Ƙanwar Giwa

Lirwanu maharbi ya haura saba'in, kuma babu abin da ya tsaya masa a rai kamar maganar rema. Mahaifinsa, wanda ya yi Sarkin Baka a ƙauyensu kusa da Bukkuyum, shi ne mutum na ƙarshe a yankin da ya taɓa feɗe giwa da hannunsa. Wata ranar kasuwa, a gaban mahauta da 'yan koli, ya buɗe baki ya ce rema ƙanwar giwa ce. Rema fa, 'yar abar nan mai kama da gafiya da ke shan hantsi a kan duwatsu! Kasuwa ta kwashe da dariya. Ya rantse ya feɗe su duka biyun, ya ga marainan mazansu ba sa rataye a waje, suna can ciki kusa da ƙoda, ya ga faratansu iri ɗaya, ya ga nonon matansu a hammata. Ba wanda ya saurare shi. Tun daga ranar, duk wanda ya shara ƙarya sai a ce ya yi ta Sarkin Baka, har bawan Allah ya rasu ba a daina ba. Lirwanu ya tsufa yana jin wannan, kuma kullum sai ta yi masa ciwo.

Sai ga jikarsa Safara'u ta zo hutu daga jami'a a Sakkwato, inda take digiri na biyu. Uwarta Fatsuma, in maƙwabta sun tambayi abin da yarinyar ke karantawa, sai ta ce dabbobi, ta yi sauri ta canza zance. Amma tsakanin kaka da jika babu wannan kunyar.

"Ke amaryata," in ji Lirwanu yana shan fura, "mi kike karatu can da uwakki ba ta iya hwaɗi?"

"Maniyyi, Kaka."

Saura kaɗan ya ƙware. Ita kuwa ko a jikinta. Ta gyara zama ta yi masa bayani dalla-dalla, yadda ba ya tsammanin 'yan boko sun iya. A kan kowace ƙwayar maniyyi, in ji ta, akwai wani sinadari da ake kira furotamin, shi ke ɗaure gadon uba tamau kamar damin gero don ya shiga ɗan ƙaramin wuri. Yadda jiki zai haɗa sinadarin a rubuce yake cikin ƙwayoyin halitta, rubutu ne gajere, kuma duk dabba mai shayarwa tana da nata. Da tafiyar zamani haruffan sukan sauya kaɗan-kaɗan, don haka dabbobin da suka fi kusa a dangi su ne rubutunsu ya fi kama da juna.

"Awa tsagar huska ke nan," ya ce. "Ka ga zane, ka san gida."

"Haka nan ne. Na samu na rago da raƙumi da zomo da gafiya, na giwa kuma wasu sun karanta sun ajiye. Rema nike nema, kai kaɗai na sani da za ya kamo min."

Jin sunan rema ya sa ya ajiye furar. "To ke, wa za ya tatso maki maniyyin rema? Namijinta ko maraina ba ya da su a waje."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ba a bukatar maniyyin ko kaɗan, rubutun yana ko'ina a jikin dabba, ɗan yankin kunne ya isa. Can sai ta tsaya cak ta dube shi. "Kaka, ina kas san suna ciki?"

Ranar ya ba ta labarin da ba a bayarwa a gidan. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce masana ma sun rubuta hakan, amma ba ta san abin da nata aikin zai nuna ba, kuma abin da ya fito shi za ta rubuta, ko da bai yi wa kowa daɗi ba. Wannan magana ta burge shi, ta kuma tsorata shi. Mutanen kasuwa yana iya ce musu jahilai. In takardar jikarsa ta ƙaryata ubansa, ba shi da sauran abin cewa ko a zuciyarsa.

Duk da haka ya hau dutse. Da gwiwarsa mai ciwo, kwana uku yana kafa tarko a bakin ramuka, har ya kama rema huɗu. Safara'u na gefensa da almakashi da 'yan kwalabe, ba ta ja da baya ko da wata ta nemi cizonta. Ta yanki ɗan kunnen kowace, suka sake su, shi kuwa yana ƙorafin an yi asarar miya.

Safara'u ta koma Sakkwato, damina ta wuce bai ji komai ba. Sau biyu ya sa a kira masa ita a waya, da ta ɗauka sai ya tambayi lafiyarta kawai ya miƙa wayar.

Bayan an yanke gero ta sauka daga mashin da rana tsaka, ko ruwa ba ta sha ba ta shimfiɗa masa takarda a tabarma. Zane ne mai rassa kamar bishiya, da hoton dabba a ƙarshen kowane reshe, saboda ta san bai yi boko ba. Ya bi da yatsa. Rago da raƙumi a gefe guda. Zomo da gafiya sun haɗa nasu. Ya nemi rema kusa da gafiya, inda duk kasuwar Bukkuyum ta ajiye ta, ba ta nan. Can ƙasa ya same ta, reshe ɗaya da giwa.

Ya daɗe yatsansa na wurin. Hawaye suka zubo, bai ɓoye su ba.

"Kaka," ta ce a hankali, "a littafin da zan miƙa akwai shafin godiya. Zan rubuta cewa wani maharbi ya ga wannan da wuƙarsa tun ba a haifi malamaina ba. Amma ni Sarkin Baka kawai na sani. Mi ne sunansa na yanka?"

Lirwanu ya ɗaga yatsansa daga takardar. Ɗa ba ya kiran sunan ubansa, kuma tunda ya zo duniya wannan suna bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ya duba ko akwai wanda zai faɗa a madadinsa, sai ya tuna duk waɗanda suka sani suna kushewa. Ya gyara zama, ya share fuska da hannun riga.

"Ubaidullah," ya ce. "Rubuta shi da kyau."