Lambar Baba a Bakin Inna

Duk ƙauyenmu, can bayan Tofa, babu wanda ya yarda cewa Babanmu, Malam Mati, ya taɓa aikin sojan ruwa. Inna ma ba ta yarda ba, ita da ta yi shekara arba'in a gidansa. "Mutumin da in ya ga kududdufi sai ya kewaye?" in ji ta. Ni Huseina, autarsa, abin yana ci mini rai. Da ya rasu bara, ina ji 'yan gaisuwa suna ƙunshe dariya suna cewa Allah ya jiƙan Kyaftin.

Na rantse sai na wanke shi daga zargin ƙarya. Na aika saƙo ta waya zuwa ofishin da ke ajiye bayanan tsofaffin sojojin ruwa, suka ce in turo lambar aikinsa. Na buɗe akwatinsa na katako, ashe gara ta riga ni. Takardun duk sun zama ƙasa.

Na zauna a tsakar gida ina sharɓar kuka, Inna tana surfe.

"Wace lamba kuma?" ta tambaya. "Ba dai karatun nan da yake yi mana kullum kafin ya tafi gona ba?"

Sai ta saɓa taɓarya a kafaɗa, ta buga ƙafa, ta ƙame, kamar yadda ta saba kwaikwayonsa a gidan biki don mata su yi dariya. "Tu, fo, sebin, nayin! Mati Tofa, sa!"

Na yi tsalle har na kifar da kwaryar dusa. "Inna, sake! Don Allah sake!" Sau uku ta yi faretin, ina rubuta lambar ina dariya, kaji na guje-guje.

Na tura musu lambar. Bayan mako uku amsa ta shigo wayata ina gidan maƙwabta. Da takalmi ɗaya na shigo gida a guje, matan unguwa na biye da ni. Ga hoton saurayi cikin fararen kaya, ga kunnuwan nan nasa fato-fato. Aina'u maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa. Na karanta da ƙarfi: shekara shida a jirgin yaƙi, mai dafa abinci.

"Mai dafa me?" Inna ta dafe ƙirji. "Shekara arba'in ina hura wuta, ko ruwan zafi bai taɓa ɗora mini ba!"

Muka kwashe da dariya har da hawaye, wata na faɗuwa kan wata.

Inna ta karɓi wayar, ta goge fuskar hoton da gefen zanenta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe, ba taɓarya, ta ƙame ta sara masa.

"Ashe gaskiya kake faɗa, Malam," ta ce. "Ka yafe mini."

Wannan karon babu wadda ta yi dariya.