Tambaya ta Uku

Ni ce ke jan taron safe a ofishinmu. A tsaye muke yin sa gaban allo, don kada wani ya samu kujera ya buɗe mana surutu. Kowa zai faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, sannan abin da ya tare masa hanya. Saboda wannan tambaya ta ukun aka ƙirƙiro taron.

Sai Manaja ya tsiri zuwa. Ba ya cewa uffan, sai dai ya jingina da ƙofa yana kurɓar shayi. Ranar da Dogo, gwaninmu, ya ce aiki ya cije masa, mako bai ƙare ba aka kwashe kwamfutarsa daga tebur. Tun daga nan matsala ta ƙaura daga ofishinmu. Ikon Allah!

Manhajar da muke ginawa ta tura motocin asibiti ce, gobe kuma za a kunna ta. Jiya mai yi mana gwajin manhajar ta tare ni a matakala, tana dafe da tsohon cikinta.

"Yaya, in kira biyu suka shigo tare, ɗaya ɓacewa yake. Kowa ya gani. Don Allah kar ki ce ni na faɗa."

Yau muka jeru.

"Ba matsala," in ji na farko.

"Ba matsala," in ji na biyu, yana kallon takalminsa.

Da aka zo kan mai gwajin, ita ma haka ta ce. Saura ni. Wallahi tsoro nake ji, na aikina da kuma na mutumin da zai kira gobe ya zauna jiran motar da ba a tura ba.

"Akwai matsala, ranka ya daɗe. Kira yana ɓacewa."

Manaja ya ajiye kofin shayin a hankali. "Tun yaushe? Wa kuma ya sani ya yi shiru?"

Ban yarda na kalli gefen mai gwajin ba, amma ina jin numfashinta.

"Ni kaɗai," na ce.

"A ɗaga kunnawar. Ke kuma, biyo ni ofis."

Na bi bayansa. Duk suka matsa suka ba ni hanya, ba wanda ya ɗago kai.