Lahadin da Bong-su Ya Zubar da Karta

Bong-su ɗan aike ne da babur a Busan, mutumin da ko danja ba ya iya jira sai ya yi ta murɗa totur. Haka yake a teburin poka, wasan kartar da suke yi duk la'asar ɗin Lahadi a saman shagon taliya. Duk kartar da aka raba masa sai ya shiga da ita, shi ya sa kullum shi ake fara korewa.

Ran nan Gwaggo Pyo mai kifi, wadda ta fi kowa iya wasan, ta riƙo hannun rigarsa a kan matakala.

"Kai, sauri ka zo yi ko wasa? Yau zubarwa za ka yi ta yi. In ba ka ga manya ba, kada ka motsa."

"Gwaggo, to zaman me zan yi?"

"Zaman kallo. Ba ka da ido ne?"

Ya zauna. Bakwai da biyu, ya zubar. Tara da huɗu, ya zubar. Ƙafarsa na ta rawa har shayin sha'ir ɗin maƙwabcinsa ya fara tangaɗi. Sau biyu yana miƙewa ya leƙa babur ɗinsa ta taga. Da aka buɗe tara biyu a tsakiyar tebur bayan ya yar da tasa tarar, sai da ya ciji yatsa.

"Bong-su, ba ka da lafiya ne?" in ji Man-sik wanzami. "Ko matarka ce ta hana?"

Aka kwashe da dariya. Rashin abin yi ya sa ya zuba wa wanzamin ido. Can ya lura: in Man-sik ya riƙe karta mai kyau shiru yake, in burga ce sai surutu ya ɓarke masa.

Sai ga sarki biyu a hannun Bong-su. Man-sik ya turo rabin kuɗin wasan da ke gabansa yana labarin ciwon gwiwarsa. Bong-su ya tura nasa duka. Wanzami ya yi tsaki ya kifa kartarsa.

Bong-su ya zo na uku cikin mutum tara. Kwalin lemo, kyautar wanda ya zo na ɗaya, Gwaggo Pyo ce ta tafi da shi. Shi kuwa ya bi Man-sik har bakin titi.

"Yaya, don Allah me ka riƙe ɗazu?"

"Ka zo aski ranar Talata, wataƙila in tuna."

Bong-su ya shafa kansa. Shekaranjiya ya yi aski.