Ƙudajen Alkasum

Shekarar jar dawa, wadda ake sauke ta daga manyan motocin kamiyo na agaji ana rabawa da gwangwani, ƙanena Alkasum ya zo hutu daga Faransa. 'Ya'yan mutane rediyo suke kawo wa iyayensu, ko bargo. Namu ƙudaje ya kawo, cikin kwalabe masu toshiyar auduga, irin ƙananan nan masu jan ido da ke bin ruɓaɓɓen tumatir a kasuwar Dole. Wai su yake karanta, kuma malaminsa ya ce kada ya bari su mutu. Har kunu yake dama musu da garin masara da sukari, alhali zaurenmu cike yake da dangi daga Dakusa da yunwa ta koro.

Ni ce Zuliha, 'yar farin Inna. Don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari ta hana ta. "Ke" take ce mini, ko ta ce wa bango abin da take so in ji. Na daɗe a ɗakin mijina ban taɓa ko ɓari ba, amma a gidanmu ba mai tayar da zancen. Autarmu Sakina kuwa an sa ranarta da Suma'ila, tela a Zango, wanda take so kamar ranta. An riga an kawo akwatin kayan aure, tana buɗewa tana rufewa kullum.

Ranar da abin ya faru, mata sun zo yi wa Alkasum sannu da zuwa. Cikinsu har da Hajja Kolo, gwaggon Suma'ila, wadda ita ta raine shi kuma ba ya ƙetare maganarta. Ta hango kwalaben a kan taga, ta ce, "Ɗan nan, me ake nema a jikin ƙuda har a ƙasar Turawa?"

Da ya yi dariya ya wuce, da an zauna lafiya. Amma Alkasum tun yana ɗan makarantar lakwal, in aka tambaye shi abin da ya sani, ba ya iya tsayawa. Ya ɗauko kwalba biyu ya durƙusa a gabanta.

"Hajja, abin mamaki ne. Kin ga waɗannan? Lafiyarsu lau, suna haihuwa. Waɗancan ma haka. To in aka ɗauki mace daga wannan gida aka haɗa ta da namijin wancan, 'ya'yanta mata sai su yi ta zuba ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa. In kuwa aka juya, uwar ta fito daga wancan gidan, ba abin da ke samun 'ya'yan."

"Ita uwar tana haihuwa?" in ji Hajja Kolo.

"Sosai ma."

"Amma 'ya'yanta mata ba sa yi."

"Yawancinsu. Ya danganta da gidan da uwar ta fito."

Ina tsaye da kwanon ruwa a hannuna. Hajja Kolo ta dubi Inna, ta dube ni, sannan ta juya ta dubi Sakina a bakin murhu. Na ji kamar an tuɓe mini zane a tsakiyar kasuwa. Shi kuwa gwanin yana ta bayanin yadda ake ƙirga ƙwai, sai da ya ɗago kai ya ga fuskokinmu.

Bayan sun tafi na ce masa, "Kai, boko ne ya cinye maka hankali?"

"Yaya, ƙuda fa nake magana! Mutum daban, ƙuda daban. Wallahi ba ruwan wannan da ke."

"Sai ka je ka faɗa wa Hajja Kolo."

Kuma ya je, abin haushin ke nan. Ya sa babbar riga, ya ɗauki kwalabensa har gidanta. Ya yi mata rantsuwa cewa abin bai shafi ɗan Adam ba. Da ya ga ba ta gamsu ba, sai ya ƙara da cewa ai ko a ƙudan ma ba laifin uwar kaɗai ba ne, namijin ne ke kawo abin da ke ɓata ƙwan.

"Au, yanzu kuma ɗanmu ne mai cutar?" in ji ta. Ta sa aka raka shi har ƙofa.

Ba a jima ba dangin Suma'ila suka aiko. Wai shekara ta yi tsanani, a ɗaga biki sai an ga yadda damina za ta yi. Kowa a unguwarmu ta Birni ya san ma'anar wannan. Suma'ila ya daina bin layinmu. Daga baya wata tsohuwa ta zo, ta yi doguwar gaisuwa, ta ce Hajja ta ce a ba da akwatin, wai za a ƙara kaya a ciki.

Sakina da kanta ta ɗauko shi ta ajiye a gaban tsohuwar. Ba ta yi kuka ba. Ba ta ko kalli Alkasum ba, wanda ke rakuɓe a bakin ɗakinsa kamar an jiƙa shi. Cikina ta kalla, sannan ta shige ɗaki.

Na yafa mayafina zan koma gidan mijina, don ƙasa nake so ta tsage in shige. Na kai zaure, na tsallake tabarmin baƙin Dakusa, sai na ji takun Inna a bayana.

"Zuliha."

Na tsaya cik. Ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinta ba. Na juya, na ga ta durƙusa a ƙasa, a gaban baƙi, ita da ko haɗa ido da ni ba ta yi.

"Inna, don Allah ki tashi, mutane na kallo."

"Zuliha," ta sake cewa, "in a nonona kuka sha wannan abin, ke da ƙanwarki, ku yafe mini."