Mai Faranti a Bayan Mawaƙiya

Da ƙyar tsohuwa ta hau benen, tana haki, ta tarar da ɗan jaridar zaune cikin kwalayen tsofaffin kaset. Ashe shi ma ya tsufa. Bangon ɗakin duk hotunan 'yan wasa da mawaƙa ne, kowa ya dafa kafaɗarsa.

Ta kwance bakin zani, ta zaro guntuwar jarida ta dangwara masa. Hoton 'yarta ne, marigayiya mawaƙiya, ita kuma tana baya riƙe da faranti.

"Allah sarki!" in ji shi. "Na sha hira da ita. Akwai wata rana..."

"Malam, ba labari na zo ji ba. Ban yi boko ba, shekara da shekaru ina adana wannan ina alfahari. Sai jiya jikata ta karanta min abin da ka rubuta a ƙasa: wai mawaƙiya da 'yar aikinta. Ni na haife ta! Don na kawo maka shayi?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Iya, a gidan manya duk wanda ya riƙo faranti haka muke rubutawa. Ba ma tambaya."

"To, ka gyara."

"A ina? Jaridar ta mutu tuni."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Bakinka ai bai mutu ba. Jikokina na gida, tun jiya suke kirana 'yar aiki. Tashi ka faɗa musu."

Ya yi ajiyar zuciya, ya sunkuya yana laluben takalmansa a ƙarƙashin kujera.